Birtaniya ta yanke tallafi, ɗan dakon Mile 12 ne zai biya

Tun watan Fabrairun 2025 da Firaminista Keir Starmer ya sanar cewa Birtaniya za ta rage tallafin da take bai wa ƙasashe matalauta daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigarta nan da 2027, domin ta ƙara wa sojojinta kuɗi, wata magana ke ta yawo wadda ke ci min rai. Wasu masu sharhi a nan Legas suna cewa hakan alheri ne, wai tallafin Turawa ne ya mayar da mu mabarata, gara a yanke mu tsaya da ƙafarmu.

Masu wannan magana ba su taɓa bin layi a asibitin karkara da yaro mai tamowa a goye ba.

A tuna yadda abin ya faro. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta sa wa ƙasashe masu arziki ma'aunin ba da tallafin kashi 0.7 na kuɗin shigarsu tun 1970, Birtaniya kuma da kanta ta mayar da shi doka a 2015. Ba a yi nisa ba ta narkar da DFID, hukumarta mai kula da tallafin, cikin ma'aikatar harkokin waje a 2020, ta sauko zuwa 0.5 a 2021. Ko wannan ɗan abin ma bai gama fita daga ƙasar ba: a 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a cikin Birtaniya aka kashe shi, wajen ɗawainiyar masu neman mafaka, har da kuɗin otal. Ministar da ke riƙe da harkar tallafin, Anneliese Dodds, sai da ta ajiye aiki saboda yankan na 2025. Ita da ke ciki ta ga ɓarnar, mu da abin zai faɗo wa ne za mu yi tafi?

Ga shi yankan ya zo a shekarar da Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje. A cikin watanni shida na farkon 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta a jihar Katsina saboda tamowa. Waɗannan 'ya'yan wasu ne, kuma da yawan iyaye irin nasu suna nan tare da mu a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, suna dako a kasuwar Mile 12, suna gadi, suna tura kurar ruwa. Duk ranar da abincin gyaɗar nan da ake ba yara masu tamowa kyauta ya yanke a asibitin ƙauye, wayar ɗan dako ce za ta yi ƙara. Shi zai je wurin mai POS ya tura abin da ya tara na haya. Kuɗin da London ta janye ba ɓacewa buƙatarsa ta yi ba, komawa ta yi kan mutumin da ya fi kowa rashi, wanda tuni hana acaba a manyan unguwannin Legas ya rage masa hanyar samu.

Ana cewa ai ana sace kuɗin tallafi. To a kama ɓarawon, ba a rufe asibitin ba.

Ban wanke gwamnatocinmu ba, don laifinsu ya fi na kowa. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa kowace ƙasar Afirka za ta ware kashi 15 na kasafinta ga lafiya, ga shi mu masu masaukin taron muna ta jan ƙafa a wajajen kashi 5. Mai son mu tsaya da ƙafarmu da gaske, nan ya kamata ya kai ƙorafinsa. Gwamnonin Arewa su sa kuɗin abincin tamowa da allurar rigakafi a kasafinsu, su kuma sake shi a kan lokaci. Sarakunan Hausawan Legas da shugabannin kasuwanni, waɗanda 'yan siyasa ke zarya wurinsu duk lokacin zaɓe, su fara tambayar kowane ɗan takara nawa jiharsa ta ware.