Kansar mama: ba kowane ƙarin magani ne alheri ba

Duk wanda ya taɓa zama da matar da aka kwashe wa kaluluwar hammata gaba ɗaya zai gane abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaru sun wuce da aka ce ta warke, amma hannun yana nan a kumbure, ya yi nauyi kamar ba nata ba. Zoben da ta saba sawa ya daina shiga, hannun riga na matse ta, ɗan ƙwarzane kuma sai ya zama abin fargaba. Ta tsira daga cutar, aikin da aka yi mata ne ya ƙi sakinta.

Da yawa cikin irin waɗannan mata, da yau ne, ba za a yi musu haka ba. A 2011 likitan fiɗa Armando Giuliano da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da sakamakon bincike kan mata kusan 900 masu ƙaramin ƙari, waɗanda aka cire musu ƙarin kaɗai aka bi da gashi, wato ƙona ragowar cutar da hasken na'ura. Idan cutar ta taɓa kaluluwa ɗaya ko biyu ne kawai, kwashe sauran bai rage mace-mace ba, sai dai ya ƙara wahala.

Tarihin maganin wannan cuta cike yake da irin wannan. Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitan fiɗa William Halsted ya kafa salon yanke nono duka, haɗe da tsokar ƙirji da kaluluwa, aka bi shi kusan shekara 80. Sai da Umberto Veronesi a Italiya a 1981, da Bernard Fisher a Amurka a 1985, suka nuna cewa idan cutar ba ta yi nisa ba, cire ƙarin kaɗai da yin gashi ya wadatar. A 2018 binciken TAILORx, mai mata fiye da 10,000, ya gano kusan kashi 70 cikin 100 na masu nau'in da ya fi yawa, idan bai kai ga kaluluwa ba, za su iya tsallake kemo, wato magunguna masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin kansa, su tsaya ga ƙwayoyin daƙile sinadarin jiki da ke haɓaka ƙarin. Gashin da ake jelar mako biyar a kansa, a 2020 masu bincike a Birtaniya sun nuna zama biyar cikin mako guda ya ishi mata da yawa.

Inda na fi ganin ana jan ƙafa shi ne gwaje-gwaje, domin kowa na ɗaukar hoto abu ne marar illa. Ba haka ba ne. A ce mace ta gama magani, ba ta jin komai, aka tura ta hoton cikin jiki na CT “don a tabbatar”. Sai a hango ɗan ɗigo a huhu. Daga nan barci ya ƙaurace mata, a sake hoto, a soka allura a ɗebo tsoka, bayan makonni a ce tsohon tabo ne. Tun 1994 bincike biyu a Italiya suka nuna yawan hoto da awon jini ga wadda ba ta da wata alama ba ya tsawaita rayuwa fiye da duba na likita da hoton nono na shekara-shekara. A 2012 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ta faɗa ƙarara cewa a daina. Har yau ana yi.

Tsoro ne ke riƙe da al'adar, kuma ban raina shi ba. Dangi su ce, “Likita, a yi duk abin da za a yi.” Shi kuma likita ya san ba a cika zargin wanda ya yi fiye da kima ba, wanda ya rage ake tuhuma. Inda kuma asibiti ke samun kuɗi a kan kowane hoto, sai abin ya zo da sauƙin amincewa.

Kada wata ta karanta wannan ta ce an ba ta lasisin guje wa asibiti. Duk sassaucin nan na wadda aka kama cutarta da wuri ne. Wadda ta yi jinkiri, ko mai nau'i mai zafi, tana buƙatar cikakken magani, kuma rage mata zalunci ne.

Ragewar ma ba kullum take kyauta ba. A binciken PRIME II kan mata masu shekara 65 zuwa sama da cutarsu ba ta da zafi, waɗanda ba a yi wa gashi ba, cutar ta dawo a nonon kusan 10 cikin 100 a shekara goma, waɗanda aka yi wa kuwa kusan 1 cikin 100, amma yawan waɗanda suka rayu ɗaya ne. Wata za ta ji wannan ta zaɓi gashin don hankalinta ya kwanta, wata ta ce ta yafe. Abin da nake nema shi ne likita ya zauna ya karanta mata alƙaluman nan da harshen da take ji, ya saurari amsarta kafin ya rubuta takarda.