Wai Banza James Earl Jones Ya Ci Da Murya?

Wanda ya haɗa bidiyon nan da ake ta yaɗawa tun jiya, na "waɗanda suka ci banza da murya", har ya sa ɗan wasan Amurka James Earl Jones a sahun farko, Allah ya shirye shi. Ku kuma da kuka yi ta rubuta "ai baiwa ce kawai" a ƙasa, sannunku da bincike. Mutum ya shekara sama da 60 yana aiki, ku iyakar abin da kuka sani muryar zakin katun ɗin The Lion King.

Banza fa kuka ce. Yaron da aka haifa a 1931 a Arkabutla ta jihar Mississippi, uban ya bar gida tun yaron bai san shi ba, yana ɗan shekara 5 ya koma gonar kakanninsa a Michigan. In'ina ta kama shi, kamun da ya sa ya yi kusan shekara 8 ba ya buɗe baki a gaban mutane, sai dai ya yi hira da dabbobin gona. A sakandare ne malaminsa Donald Crouch ya ga wata waƙa da ya rubuta, ya ce bai yarda tasa ba ce sai ya tashi gaban aji ya kawo ta da ka. Ya tashi, ya kawo ta, harshe bai sarƙe ba. Kuma har ya tsufa yana faɗa cewa in'inar ba ta rabu da shi ba, koyon zama da ita ya yi. To wannan muryar ce kuke cewa tsintuwa.

Ni ban musa ba, Allah ne ya ba shi maƙogwaro. Amma ku je tasha ku saurari 'yan kamasho, akwai wanda in ya kira mota sai kunnenka ya yi ƙara, a ba shi Othello, wasan kwaikwayon Shakespeare, ya riƙe mutane awa uku mu gani. Aiki ne, jama'a. Bayan ya bar soja ya tafi New York, da shara da goge-goge ya riƙe kansa yana koyon wasan kwaikwayo. Shi ɗan wasan daɓe ne tun asali, inda babu "a yanke a sake ɗauka". A Broadway, cibiyar wasan daɓe ta New York, sau 8 ake hawa dandamali a mako, kalmomin jiya su za ka maimaita yau, kuma dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji kowane harafi. A nan ya ci babbar kyautar wasan daɓe ta Tony a 1969 da The Great White Hope, wasan da aka gina kan rayuwar Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya zama zakaran damben duniya ajin masu nauyi. Ya sake cin ta a 1987 da Fences, inda ya fito a matsayin mai kwashe bola da ke fama da ɗansa. A talabijin shi ne ya fito a matsayin marubuci Alex Haley a ci gaban shirin Roots na 1979, a 1991 kuma ya ɗauki kyautar talabijin ta Emmy guda biyu a shekara ɗaya.

Na ga wani ya ce ai da muryar Darth Vader, mugun nan na fina-finan Star Wars, ya yi kuɗi. Haba Malam. Dala 7,000 aka ba shi a fim ɗin farko na 1977, shi da kansa ma ya ce kada a sa sunansa, don a ganinsa aikin na David Prowse ne da ya sa kayan. Wani kuma wai sa'a ce. Sa'ar ce ta sa yana ɗan shekara 84 yake haddace wasa sukutum yana fitowa tare da 'yar wasa Cicely Tyson a 2015? Da sa'ar aka sauya wa gidan wasan Cort na Broadway suna zuwa nasa a 2022? Aiki ne, kuma bai ajiye shi ba sai da ƙarfi ya ƙare, ya rasu ranar 9 ga Satumba 2024 yana da shekara 93.

Gaskiya abin ya taɓa ni ne saboda kusan kowa a cikinmu ya san wani yaro mai in'ina a gida ko a aji. Ana kwaikwayonsa ana dariya, in ya fara magana wani ya ƙarasa masa don gajen haƙuri, har ya koma kurya ya yi shiru a ce ai miskili ne. Irin wannan yaron kuka kira mai cin banza.

Ko da yake, tunda an taɓo shi, ni ma ina da ƙorafi guda. Fim ɗin Coming to America na 1988 da ya fito a Sarkin Zamunda, wata ƙirƙirarriyar ƙasa a Afirka, ya yi sarautar da kyau, ba a magana. Amma wa ya gaya wa mutanen Hollywood cewa giwaye na yawo a ƙofar fada, sarki kuma na saɓa fatar zaki da kanta a kafaɗa? Mun kalla a kaset, mun yi dariya, har yau kuma akwai Ba'amurken da ya ɗauka haka Afirka take.