Tsarabar da mutumin Nago ya dawo da ita

Jama'a, zamana a tsibirin Okinawa na ƙasar Japan ya sa na fara kallon manyanmu masu fita waje da wani ido daban, kuma Tei Junsoku ne ya jawo min. An haife shi a 1663 a Kume, unguwar masu asali da China a birnin Naha na Okinawa, lokacin tsibirin masarauta ce mai sarkinta, Ryukyu, tana kai gaisuwa China, ga kuma Satsuma, wani yanki mai ƙarfi a kudancin Japan, ta riƙe mata wuya tun 1609.

Karatu ya kai shi birnin Fuzhou na China yana saurayi, daga baya ya yi ta kai da komo kan aikin jakadanci, to ku ji tsarabarsa. A 1708 ya dawo da wani ɗan littafin tarbiyya, Rikuyu Engi, da kuɗin aljihunsa fa aka buga shi, ba na baitulmali ba. Nasihohi 6 ne kacal a ciki: bin iyaye, girmama na gaba, zaman lafiya da maƙwabta, tarbiyyar 'ya'ya da jikoki, kowa ya riƙe sana'arsa, a guji aikata ɓarna. Wallahi babu wanda kakata ba ta faɗa min ba tana tankaɗe a tsakar gida, bambancin kawai shi ya sa an buga an raba, littafin ya bi ta hannun mai mulkin Satsuma har ya kai wa shogun Yoshimune, shugaban mulkin sojan Japan, a Edo (Tokyo ta yau), aka mayar da shi Japananci mai sauƙi a 1722, yara suka dinga karanta shi a ƙananan makarantun unguwa.

Bai tsaya nan ba, a 1718 da shawararsa aka buɗe Meirindo, makarantar hukuma ta farko a masarautar. E, 'ya'yan Kume ne suka fi cin moriyarta, ɗan manomi bai ga ƙofar ba, wannan kam ba zan wanke shi ba.

Amma mu fa? Kullum sai ka ji tawaga ta tafi Ingila ko Malesiya wai koyo yadda ake gyara ilimi, a ci alawus, a watsa hotuna a Facebook, a dawo da akwatuna cike da turare da takalma, firamaren garinsu kuwa yara na zaune a ƙasa rufi na yoyo, alli ma sai malami ya saya. Mu 'yan karatun waje ma ban cire mu ba, yawanci digiri da sabuwar waya muke kaiwa gida, haba.

A 1728 aka ba shi riƙon gundumar Nago, can arewacin tsibirin, har yau mutum-mutuminsa na tsaye a garin, kuma ana koya wa yaran wurin nasihohin nan 6.