An fito daga ɗakin tiyata lafiya, sai kuma me?

Ranar da za a yi wa mutum aiki a asibiti, dangi kan cika ƙofar ɗakin tiyata, kowa da carbinsa. Da likita ya leƙo ya ce aiki ya yi kyau, sai a yi hamdala, a shiga buga waya, kafin magariba an watse an bar mai jinya ɗaya. A tunaninmu wuƙa da allurar barci su ne abin tsoro. Ashe lokacin da muke watsewa ne haɗarin yake somawa.

Ba da ka nake faɗin haka ba. A shekarar 2018 mujallar Lancet ta buga wani bincike da ake kira ASOS, wanda Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta. An bi diddigin majinyata 11,422 da aka yi wa aiki a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya da Nijar. Majinyatan namu sun fi na ƙasashe masu arziki ƙuruciya, sun kuma fi su ƙarancin cututtuka masu tsanani, amma duk da haka a ayyukan da aka tsara yinsu tun da wuri, mutuwa a wurinmu ta ninka matsakaicin adadin duniya sau biyu. Mutum 239 suka rasu, kuma 225 daga cikinsu bayan ranar aikin ne. Wato sun tsallake wuƙar, sun farfaɗo daga barcin, a kan gadon jinya rai ya yi halinsa.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne na mata. Da aka ware waɗanda aka yi wa aikin haihuwa, sai aka ga wajen biyar cikin dubu ba sa komawa gida, adadin da ya ninka na ƙasashe masu arziki har sau 50. Zubar jini da matsalolin allurar barci na cikin abubuwan da aka danganta da mace-macen.

Jinin da ke zuba a ciki ba ya kashe mutum farat ɗaya. Bugun zuciya zai fara sauri, numfashi ya ƙaru, tafin hannu ya yi sanyi, fitsarin da ke taruwa a leda ya ragu, sannan awon jini ya faɗi. Jiki kan yi sa'o'i yana neman agaji. Amma da ƙarfe biyun dare, nas ɗaya ce ko biyu a ɗaki cike da gadaje, ita kuwa uwar da ke zaune a tabarma kusa da gadon tana ganin 'yarta ta yi lamo, sai ta ɗauka barcin gajiya ne. Binciken ya gano cewa idan aka haɗa likitocin tiyata da na haihuwa da na sa barci, ba su cika mutum ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba, alhali masana na ganin 20 ake buƙata.

Masu binciken ba su tsaya nan ba. Sun gwada wasu matakai a wani gwaji da ya haɗa asibitoci 332 na ƙasashe 28 da majinyata 28,892, inda wasu asibitocin suka bi matakan, wasu kuma suka ci gaba yadda suka saba. Matakan su ne: a gane wanda ya fi shiga haɗari, a sa gadonsa inda nas za ta riƙa hangensa, a yawaita auna shi, a bar ɗan'uwansa ya kwana tare da shi, a liƙa takardar alamomin haɗari a gefen gado. Sakamakon ya fito a 2021. Mutuwa ba ta ragu ba, kashi 1.3 cikin ɗari a ɓangaren da aka bi matakan, haka nan a ɓangaren da ba a bi su ba.

Wasu za su ce an yi aikin banza. Ni a ganina wannan ne sakamako mafi daraja, domin ya hana mu yaudarar kanmu. Asibitoci da yawa sun kasa aiwatar da matakan yadda aka tsara, saboda ba hannun da zai yi. Ko da nas ta ga alama, idan babu jini a ma'ajiya, babu iskar oksijin, mai sa barci kuma shi kaɗai ne a garin kuma yana kan wani aikin, ganinta ba zai ceci kowa ba. Ba don an gwada ba, da yanzu an buga takardu an raba wa asibitoci, an ce an magance matsalar.

Kuma bincike a ƙasarmu yana haifar da ɗa mai ido. Gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa, ya nuna a 2023 cewa shimfiɗa leda mai awo don gane yawan jinin da mai haihuwa ta zubar, tare da ba da magunguna a lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin ɗari. Abin da ya dace da ƙarfin ungozoma ne, shi ya sa ya yi aiki.

Saboda haka nake kira ga gwamnoninmu da kwamishinonin lafiya: kafin a yanke kirtanin buɗe sabon ɗakin tiyata, a tambayi nas nawa za su kwana a ɗakin jinya, masu sa barci nawa aka horar kuma aka riƙe da albashin da zai hana su tafiya, da ko kowane gado na farfaɗowa yana da na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini. Kowane babban asibiti kuma ya riƙa ƙirga waɗanda suka rasu bayan aiki duk wata, likitoci da nas-nas su zauna su bi kowane ɗaya su ga a wace sa'a aka makara. Su ma masu jinya, tun da dai suna nan dare da rana, a koya musu alamomin da Hausa kafin a shiga aikin, a kuma gwada a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato ko hakan zai rage mutuwa.