Yarinya 'yar shekara 11 ba ta isa a bar mata raino ba

Tun jiya nake karanta abin da ake rubutawa a kan yaron nan na unguwarmu a Katsina da ya ƙone da ruwan zafi, kuma kusan kowa ya ɗora laifin a kan fitar da uwarsa take yi zuwa aiki. Ban yarda ba. Laifin shi ne an bar ɗan wata 18 a hannun yarinya 'yar shekara 11 da aka ɗauko daga ƙauye, ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce goyo, daga safe har la'asar babu babba a gidan.

Rainon da ba na uwa ba ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gidan kaka ake kai mu yaye, gwaggo da inna suna riƙo, kuma Manzon Allah (SAW) a hannun Halimatus Sa'adiyya ya yi ƙuruciyarsa. Dukkansu manya ne masu hankali, masu yi wa yaro magana da tawai. Wani dogon bincike da aka fara a Amurka a 1991, wanda ya bibiyi yara fiye da 1,300, ya nuna cewa ingancin raino yana tasiri a kan harshe da fahimtar yaro. Yaro yana koyon magana ne idan ya yi gwaranci aka amsa masa, ya nuna akuya aka ce masa akuya ce. Yarinyar da aiki ya sha kanta waya za ta miƙa masa don ya yi shiru. Shi yaron unguwarmu na taɓa ganinsa da idona a bakin ƙofa, majina ta bushe masa a fuska, idonsa a kan waya, na kira sunansa sau uku bai waiwayo ba.

Masu cewa mu ma yayyenmu ne suka goya mu su daina kawo wannan hujja. An goya mu ne a tsakar gida mai cike da mata, idon kaka yana kanmu. Masu cewa babu kuɗin ɗaukar babbar mace kuwa, su duba abin da suke kashewa a anko.

Har yanzu ban ji wanda ya tambayi halin da ita yarinyar take ciki ba. An ce ta sha duka a daren, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma albashinta ma dillaliyar da ta kawo ta ce take karɓa duk ƙarshen wata.