Gasar da ƙananan garuruwa ke kayar da manya a kan ƙanƙara

Kwanakin baya ƙanena ya kira ni daga gida, ya ji ihu na tashi a bayana, sai ya ce, "Yaya, ƙwallo kake kallo ne?" Na ce masa a'a, hoki ne, na kan ƙanƙara, kuma ba na ƙwararru ba, na ɗaliban jami'a. Ya yi jim, sannan ya ce, "To Yaya, me ya haɗa ka da wannan?" Tun ranar nake son in ba shi amsa a tsanake. Na san ba shi kaɗai zai yi wannan tambaya ba, shi ya sa na kawo amsar nan.

Ina zaune ne a Duluth, can arewacin jihar Minnesota a Amurka, a bakin tafkin Superior. Mutanen garin ba su kai dubu 90 ba. Abin da aka san shi da shi shi ne manyan jiragen ruwa masu dakon tama da hatsi, sai kuma sanyi mai shiga ƙashi. A wata na biyu da zuwana, wani dattijo maƙwabcina da ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da tikiti biyu a hannu. Ya ce matarsa ba ta jin daɗi, ko zan raka shi? Na bi shi don kunya. Daga wannan dare ban daina zuwa ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba: mutum shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga. Kowa da takalmi mai ƙarfe siriri a ƙasa kamar kaifin wuƙa, da sanda mai lanƙwasa a hannu. Abin da suke bugawa ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, bai fi cikin tafin hannu ba, ana ma sanya shi a firji kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Zagaye uku ake yi, kowanne minti 20. Gudun ya kai inda ɗan wasa ba ya iya wuce minti ɗaya a ciki, sai ya tsallake katanga ya zauna wani ya faɗa, wasa kuwa bai tsaya ba. Talabijin ba ta nuna maka ƙarar abin. Sai kana wurin za ka ji yadda ƙarfen takalmi ke yankan ƙanƙara, da yadda gilashin katanga ke girgiza idan an haɗa mutum da shi, da ƙarar faifan idan ya daki turken raga, ƙarar da ke sa mutum dubu shida su ja numfashi lokaci guda.

Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ita ke shirya gasar ƙasa ta maza. An fara ta a 1948 a Colorado Springs, Jami'ar Michigan ta ɗauki kofin farko bayan ta doke Dartmouth. Tun 2003 ƙungiyoyi 16 ke shiga, daga cikin sittin da 'yan kai da ke rukunin farko. Shida suna shiga ne da cin kofin yankinsu, goma kuma da sakamakon kakar wasa. Sili ɗaya ƙwale ne, ka faɗi sau ɗaya ka tafi gida. Huɗun da suka rage su ne ake kira Frozen Four, wato huɗun kan ƙanƙara, su haɗu a gari ɗaya cikin watan Afrilu. Akwai manyan gidaje da kowa ya sani: Denver ta cika kofi 10 a 2024, Michigan na da 9, North Dakota 8.

Abin da ya kama zuciyata ba manyan ba ne. A ƙwallon Amurka ta jami'o'i, makarantar da ba ta da filin wasa kamar gari ba ta ma mafarkin kofi. A hoki kuwa, Lake Superior State, ƙaramar makaranta a Sault Ste. Marie a kan iyakar Kanada, ta ci kofin ƙasa sau uku: 1988, 1992 da 1994. Michigan Tech da ke Houghton, garin da ake tafiyar sa'o'i cikin daji kafin a kai, ita ma sau uku. Ta garinmu, Minnesota Duluth, wadda a sauran wasanni rukuni na biyu take bugawa, ta ci a 2011, 2018 da 2019. A 2011 ta kayar da Michigan ne, mai kofi tara. Wannan shi ne abin da na ce wa ƙanena ya haɗa ni da wasan: wuri ne da har yanzu ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Bari in tsaya a kan dare ɗaya, 27 ga Maris 2021. Duluth da North Dakota a Fargo, wanda ya ci ya shiga huɗun ƙarshe. North Dakota ce ta ɗaya a duk ƙasar a shekarar. A falon dattijon nan muka kalla. Aka yi zagaye biyu babu ci. A na uku Duluth ta zura biyu a jere, dattijo ya miƙe ya fara neman rigarsa ta tsohon kofi. Saura ƙasa da minti biyu North Dakota ta fitar da mai tsaron ragarta ta ƙara ɗan gaba, ta rama ɗaya, ta sake rama ɗaya. Falon ya yi tsit. A wannan gasa ba a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ana ƙara minti 20, a share ƙanƙara, a sake ƙara 20, har sai wani ya ci. A ƙarin farko Duluth ta zura, muka yi tsalle, alƙalai suka duba faifan bidiyo suka ce an yi satar gida. Ƙari na biyu ya wuce, na uku ya wuce. A na huɗu mai tsaron ragar Duluth, Zach Stejskal, ƙafafunsa suka riƙe, aka fitar da shi, Ryan Fanti ya shiga bayan ya shafe sa'o'i a zaune cikin sanyi. Matar dattijo ta dafa mana shayi sau biyu. Yaran nan a fili kana ganin ƙafafunsu na rawa, suna jingina da sanda kamar tsofaffi. A ƙari na biyar, bayan sha biyun dare, wani ɗan shekarar farko mai suna Luke Mylymok, wanda kusan duk daren a benci ya yi shi, ya ɗauko faifan ya buga ya shige. Minti 142 da daƙiƙa 13 aka buga, wasa mafi tsawo a tarihin gasar. Na juya na ga dattijon nan, mutumin da ya yi shekaru yana aiki cikin iskar tafki, yana share ido da bayan hannu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan an tashi: ƙungiyoyin biyu suka yi layi, kowa ya gaisa da kowa hannu da hannu, waɗanda suka sha kaye ma ba wanda ya fice.

Duluth ba ta ci kofin shekarar ba, Jami'ar Massachusetts ta fitar da ita a wasan gaba kuma ita ta ɗauka. Amma a garin nan ba wanda ya manta daren.

Irin wannan ba sau ɗaya ba ne. A 2014 Union College, makaranta mai ɗalibai dubu biyu da 'yan kai a Schenectady ta jihar New York, wadda a lokacin ko tallafin karatu na wasanni ba ta bayarwa, ta lallasa babbar Jami'ar Minnesota da ci 7 da 4 a wasan ƙarshe a Philadelphia. A 2023 a Tampa, Minnesota ɗin dai tana gaba da ci biyu, cike da yaran da ƙungiyoyin ƙwararru suka riga suka zaɓa, Quinnipiac ta rama, sannan Jacob Quillan ya ci daƙiƙa 10 kacal da fara ƙarin lokaci. Kocinsu Rand Pecknold tun 1994 yake wurin, tun makarantar ba ta shiga rukunin farko ba. Shekara 29 mutum yana gini kafin ya ga rufi. A 2025 Western Michigan ta Kalamazoo ta ɗauki kofinta na farko, ta doke Jami'ar Boston da ci 6 da 2 a St. Louis.

Ba sa'a ce kawai ba. Manyan makarantu suna ɗauko yara 'yan 18 masu baiwa, su yi shekara ɗaya ko biyu su wuce gasar ƙwararru ta NHL, kamar Macklin Celebrini da ya yi kaka ɗaya a Boston, San Jose ta zaɓe shi na farko a 2024. Ƙananan kuwa suna neman waɗanda aka tsallake, yaran da suka yi shekara biyu ko uku a gasar matasa suka zo jami'a suna da shekara 20 ko 21, su zauna shekara huɗu tare. Idan aka haɗu a wasa ɗaya tilo, ƙartai 'yan 24 da suka san numfashin juna suna iya danne yaro ɗan 18 komai baiwarsa. Ga kuma mai tsaron raga: idan ya tashi da ƙafar dama, shi kaɗai sai ya hana gari guda barci.

To wannan ne nake tsoron a rasa, kuma shi ne dalilin wannan dogon rubutu.

Tun 2013 aka fara jin tsagewar, lokacin da manyan jami'o'in Big Ten suka ware suka kafa nasu yankin, bayan attajiri Terry Pegula ya ba Penn State kyautar dala miliyan 88 don ta gina fili ta kafa ƙungiya. Tsofaffin yankuna suka watse, an raba makarantun da suka yi shekaru hamsin suna karawa. A 2021 aka ba 'yan wasa damar karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu, aka kuma sauƙaƙa sauya makaranta. A Nuwamban 2024 NCAA ta buɗe ƙofa ga 'yan babbar gasar matasa ta Kanada, waɗanda da ake ɗauka ƙwararru ne ba sa shiga. Ba a daɗe ba Gavin McKenna, yaron da kowa ke magana a kansa, ya bar Medicine Hat ya tafi Penn State. A 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye. A ɗaya gefen kuma, Alabama Huntsville ta dakatar da ƙungiyarta a 2021, American International College ta sauka daga rukunin farko bayan kakar 2025. Alaska Anchorage sai da mutanen gari suka yi karo-karo kafin aka ceto ta.

Ba na adawa da a biya yaran nan. Na ga yadda ake fitar da su daga fili da karyayyar kafaɗa, na ga tikitin da ake sayarwa saboda su. Wanda ya yi gumi ya ci guminsa, wannan adalci ne. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙaramar makaranta ta ɗauko yaron da ba wanda ya kalla, ta yi shekara biyu tana gyara shi, ranar da ya nuna sai mai kuɗi ya zo ya tsinke. Idan haka ta ɗore, makamin ƙananan, wato zama tare na shekara huɗu, ya tafi ke nan. Wani abokina a nan yana cewa in kwantar da hankali: yaran Kanada sun ƙara yawan masu iyawa, manyan ba za su iya kwashe su duka ba, kuma makarantun da ba su da ƙatuwar ƙungiyar ƙwallon Amurka suna iya zuba kuɗinsu a hoki kaɗai. Akwai gaskiya a maganarsa. Amma hakan ya fi amfanar irin su Denver da North Dakota, wadda filinta na Grand Forks ya ci sama da dala miliyan 100. Ba na ganin yadda zai amfani Sault Ste. Marie.

Abin da nake so a riƙe bai da yawa. Kada a taɓa gurbin da zakaran kowane yanki ke samu kai tsaye, domin ta wannan ƙofar ƙaramar makarantar Holy Cross ta shiga a 2006 ta fitar da Minnesota. Kada a mayar da gasar wasa uku ko biyar kamar na ƙwararru, domin idan aka ba mai ƙarfi dama uku sai ya gyara kurensa. Sannan wasannin zagayen farko, da ake kai su garuruwan da ba ruwansu da ƙungiyoyin, kujeru rabi wayam, a mayar da su gidan wanda ya fi maki. Na san wasu za su ce hakan zai taimaki manya, kuma wani lokaci zai taimake su. Amma maki a fili ake samunsa, kuma idan Mankato ko Houghton ko Duluth ta samu, mutanen da suka yi hunturu guda suna cika fili sun cancanci su ga wasan a garinsu. Dattijon maƙwabcina ba zai iya tuƙin sa'a goma ba.

Akwai wata mata a layinmu, ma'aikaciyar jinya ce. Ƙarfe biyar na asuba, lokacin da na tashi salla, nakan ga fitilar motarta tana ɗumama, ɗanta ɗan shekara tara yana jan jakar kaya da ta kusa kai shi tsawo, za su tafi atisaye kafin makaranta. Na tambayi yaron wata rana wace ƙungiya yake son bugawa idan ya girma. Na zaci zai ambaci wata ta ƙwararru. Ya nuna mini gangaren gari, wajen bakin tafki inda filin jami'ar yake, ya ce can. Uwarsa ta ce tun yana ɗan shekara biyar amsarsa ke nan, ta buɗe masa ƙofar baya ya cusa jakar, suka tafi.