Ina za a kai sharar?

Na karanta labarin nan na shirin gina tashar lantarki ta nukiliya a Gana, na ga 'yan uwa suna ta cewa bam za a kawo mana. Jama'a, a Kwabenya, nan Accra, akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke aiki tun shekarun 1990.

Abin lura shi ne lalacewar ƙwayar zarra, wato 'yar mitsitsiyar ƙwayar da kowane sinadari ya ginu da ita. Wasu sinadarai cibiyar ƙwayarsu ba ta da natsuwa, sai ta riƙa fitar da haskoki masu ƙarfi har ta rikiɗe zuwa wani sinadari. Kobalt-60 da ake gashin ciwon daji da shi, duk shekara 5 da 'yan watanni rabinsa ke komawa nikel. Da shi aka yi wa innata magani, Alhamdulillahi, tana nan da ranta. Shi kuwa fulutoniyam-239, wanda ke cikin sharar manyan tashoshi, sai ya kwashe kimanin shekara 24,000 kafin rabinsa ya tafi. Wannan ke hana ni barci. Ɗaukewar wuta ta gajiyar da mu a unguwar Nima ta Accra, amma don Allah a faɗa mana inda za a adana sharar.